Nauyin da Suka Sauke wa Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Na faɗi haka ranar da aka bugo mini waya cewa Kawu ya cika, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Mutuwa ba ta ba ni haushi ba. Masu rai ne suka ba ni.

Ina cikin jego aka yi rasuwar. Na goya jaririyata na bar Gyallesu na shiga birni, na tarar gidan kakanninmu na Ƙofar Galadima ya cika maƙil, takalma har bakin hanya. Na ratsa zaure kaina a ƙasa, na shiga cikin gida na zauna kusa da matar Kawu. Ko gama gaisawa ban yi ba kunnena ya fara kwasar abin da bai roƙa ba.

"Allah sarki, mai tarkace," in ji wata dattijuwa tana gyara lulluɓi. "Yanzu wa zai kwashe ƙarafan nan?"

"Ai shi haka ya ƙare," ta kusa da ita ta amsa. "Wansa na karantar da jama'a, shi yana kwance akwatuna."

Wata kuma ta rage murya, amma ba yadda zan kasa ji ba. "An ce ɗakin nan cike yake da hotunan mata, ana rawa ana guɗa. Allah dai ya yafe masa."

Na ɗaga kai na dube ta. Na san ta sarai. Ita ce ta taɓa zuwa da kaset ɗin bikinta ƙulle a ɗankwali, ta zauna a cikin ɗakin nan da take yi wa tsegumi, ta ga mijinta da ya daɗe da rasuwa yana gyara hula yana murmushi, ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Ban tanka mata ba, don ana makoki. Shi ya sa yanzu na zauna nake rubutawa.

Su uku ne a ɗakinsu: Malam ne babba, shi ke ba da karatu a zauren gida, sai Kawu, sai mahaifiyata, autarsu. Ina goye ta rasu. Gidan malamai ne, a lokacin ba a yarda a ɗauki mace hoto ba, don haka ban san fuskarta ba. Na tashi ina tambaya. Wannan ta ce doguwa ce, waccan ta ce ai ni ce sak, wata ta ce a'a, ubana na ɗebo. Kawu kaɗai ne ba ya yi mini ƙarya. "Mutuniyar, ba ki kai ta kyau ba," yakan ce, "amma kin fi ta baki."

Allah bai ba shi haihuwa ba. Ya yi aikin gwamnati a sashen gyaran na'urori har ya ajiye, ranar da ya ajiye kuwa kowa ya zaci zai ɗauki carbi ya koma gefen wansa a zaure. Ina! Sai ya gyara ɗakin da ke bayan rijiya ya fara tara akwatuna.

Akwatunan nan tsofaffin na'urorin naɗar bidiyo ne, irin waɗanda ake haɗawa da talabijin su riƙa ajiye shirye-shirye a wani rumbu da ke cikinsu. Cikin kayan gwanjo suke zuwa daga ƙasashen waje, masu gwanjon ma ba su san amfaninsu ba, don in ka kunna su ba abin da suke yi sai neman kiran kamfanin da ya ƙera su, kamfanin kuwa ya daɗe da daina amsawa. Wannan abu yana ƙona wa Kawu rai ƙwarai. "Ka sayar mini da akwati ka tafi da makulli?" yakan ce, yana nuna ta da sukudireba kamar mai kamfanin na ciki. "To wallahi sai na shiga."

Kuma yana shiga. Zai kwance murfi, ya zare rumbun, ya haɗa shi da wata tsohuwar kwamfuta mai nishi, ya ɗura masa manhajar da wasu mutane suka taru suka rubuta a intanet don kansu, ba kamfani ba, ba gwamnati ba, kyauta kuma ga duk mai so. In ya mayar ya kunna, sai akwati ta manta da tsohon ubangidanta. Ta karɓi hoto daga duk inda aka ba ta, ta kuma yarda a fitar da shi zuwa waya ko faifai. In ta ƙi tashi, lallashinta yake yi. "Haba Hajiya, me na yi miki?" In ta tashi ya buga tafi shi kaɗai, shayinsa na gefe ya huce ya yi fata, bai ma san da shi ba.

Matarsa ta sha fama. Duk ƙananan ƙusoshin da yake kwancewa, a farantan tangaran na jerenta yake zuba su, wai su ne masu fari, ƙusa ba ta ɓuya a kai. Ta kwashe ta ɓoye, ya bi ya zaƙulo. Ta ce masa, "Ni da aka kawo da guɗa ban ci abinci a farantin nan ba, sai ƙusa?" Ya ce, "To ki zo ku ci tare." Haka suka tsufa.

Da labari ya bazu cewa yana iya ceto abin da ke cikin tsofaffin kaset-kaset na biki da suna, sai mata suka yi ta zuwa, daga cikin birni har Kufena. Kaset ɗin da ya yi fumfuna zai buɗe shi ya bi zaren da auduga a hankali, yini guda yana abu ɗaya. Sai ya kunna, akwati ta naɗa, ya fitar wa mai shi a wayarta. Bai taɓa karɓar ko goro ba. Abin da na fi tunawa shi ne, in ya kunna wa mace ya ga leɓenta ya fara rawa, sai ya tuna wai ya bar wani abu a waje. Ya fita ya zauna a bakin rijiya ya juya wa ƙofa baya, ba zai dawo ba sai ya ji ta face hanci. Wannan shi ne mutumin da aka zauna a tsakar gidansa ana nema masa gafarar kallon mata.

Yanzu ga faɗanmu, ni da shi, wanda ba mu gama ba.

Ban daɗe da haihuwa ba ya kira ni da hantsi. Muryarsa na rawa, abin da ban saba ji ba. Wata tsohuwa maƙwabciya ce ta kawo masa kaset ɗin wani suna da aka yi a gidanta tun kafin a haife ni. Ya share masa fumfuna ya kunna, yana kallo da rabin ido, sai ga ƙanwarsa ta shigo da tire a hannu.

"Mutuniyar, na gan ta," ya ce. "Ta juyo, ta yi magana, har ta yi dariya. Ta ɗan taka rawa ma, ja'ira."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. "Kawu, turo mini! Don Allah turo mini yanzu!"

"A'a."

"Kamar yaya a'a?"

"Ba za ki fara ganin uwarki a allon waya ba, tsakanin tallar atamfa da gaisuwar Juma'a. Ki yi arba'in ki zo, ki zauna a kujera, in kunna miki a babban allo in fita in ba ki wuri."

Na yi roƙo, na yi kuka, na yi masifa. Na ce masa kowace mace a birnin nan ya tura wa mamacinta a waya sai ni. Ya ce su sun san fuskar nasu. Na ce masa taurin kai gare shi. Ya ce gado ne, ni ma an ɗiba mini. Ya ƙara da cewa zaren kaset ɗin ya tsinke ya cukurkuɗe bayan kunnawar nan guda, ba zai sake moruwa ba, amma kada in damu, tana nan lafiya lau a cikin babbar akwatinsa. Ko mai kaset ɗin ba zai fitar wa ba sai na fara gani. Na kashe waya ban yi masa sallama ba, ya sake kira yana dariya, ya ce in shafa masa kan jaririya.

Bai kai arba'in ɗin ba. Ciwon kwana kaɗan ne. Har yau ina fushi da shi a kan wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da ya turo, da ba ni da abin rubutawa sai addu'a.

Ranar da na je gaisuwa na tarar an sa wa ɗakinsa kwaɗo, makulli na wurin Malam. Na tambaya a hankali, aka ce mini, "Ana makoki kina zancen kallo?" Na haɗiye. Na ce ai akwati ba ta da ƙafa.

Bayan sadakar bakwai na koma. Ɗakin a buɗe, an share shi tas. Ɗan Malam na tsaye a ƙofa. Taubashina ne, magidanci da iyalinsa, mun saba ko a ina muka haɗu sai mun tsokani juna. Ran nan ya kasa haɗa ido da ni.

"Ina akwatunan?" na ce.

"'Yan gwangwan sun kwashe ƙananan. Babbar tana zaure."

"Abin da ke ciki fa?"

Ya sosa ƙeya. "Malam ya sa na goge. Duka. Ya ce a sauke wa mamaci nauyi."

Ashe tsegumin tsakar gida ya ratsa har zaure. Aka ce wa Malam duk ranar da wani ya kalli matan nan ba lulluɓi, ƙaninsa za a rubuta wa a kabari. Na san ana yin haka yanzu, mutum na rasuwa a bi wayoyi ana cewa don Allah a goge hotunansa. Amma ban taɓa zaton za a goge mini uwa da rimot ba, a kuma kira shi taimako. Babbar akwatin kuwa Malam ya mai da ita sadaka. Aka kafa tsohuwar kyamarar Kawu a zaure, kullum bayan la'asar ana naɗar karatu, ladan na tafiya ga mamaci.

Na koma gida na kwanta, nono ma sai da ya ɗauke mini. Matar Kawu ce ta aiko mini da wayarsa, ta ce saƙonni na ta shigowa da Turanci, in duba ko masu gaisuwa ne. Mutanensa ne na intanet, waɗanda suke rubuta manhajar tare, suna cigiyarsa. Na rubuta musu cewa ya rasu. Kafin yamma gaisuwa ta cika wayar, daga ƙasashen da ko a mafarki Kawu bai taka ba. A nan na ji cewa shi ne ya rubuta gyaran da ke hana rumbu lalacewa in an ɗauke wuta ana tsakiyar naɗi, kuma mutane da yawa da shi suke amfani. A gidansu sunansa mai tarkace.

Cikin ɓacin rai na ba su labarin gogewar. Wani dattijo daga cikinsu ya amsa nan take. Ya ce gogewa ba ta share abu a lokacin, cewa kawai take yi wurin ya zama fili. Manhajar tana iya dawo da shi, muddin ba a naɗi sabon abu ya hau kansa ba. Ya ce in je in zare wayar wutar akwatin yanzu, kada in bari ta ƙara naɗar komai.

Na dubi agogo. An yi la'asar. A daidai lokacin nan ana karatu a zaure, kuma karatun a kan uwata yake sauka.

Da safe na je na durƙusa a gaban Malam. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce ba hana sadaka nake so ba, aron akwatin kawai nake nema na yini guda.

"'Yar nan, na san abin da ke ciki," ya ce.

"Allah ya gafarta Malam, ka sani?"

"Kafin a goge sai da na sa aka kunna mini. Na gan ta." Hawaye na bin gemunsa. "Kanta ba ɗankwali sosai, tana rawa a gaban mai ɗaukar hoto. Ita ma ƙanwata ce. Su biyun na rufa wa asiri."

Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. "Ka gan ta? Kai da ka yi shekara da shekaru kana ganinta, ka ƙara gani, ka ƙoshi, sannan ka goge? Ni fa?"

"Za ki gan ta a inda ya fi nan."

"To kai me ya sa ba ka jira can ɗin ba?"

A gidanmu ba a yi wa Malam irin wannan magana. Ya ɗauki littafinsa ya buɗe, wato an sallame ni. Na sani ba mugunta ba ce. Yana son ƙaninsa, tsoron kabari yake ji masa, kukansa kuma na gaskiya ne. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, don da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Na bi ta kan taubashina, ya ce shi ba zai zare abin da mahaifinsa ya jona ba. Na bi ta kan dattawan gida, suka ce in yi haƙuri, Malam zai huce. Matan nan da Kawu ya dawo musu da mazajensu da iyayensu, kowacce da nata a waya, ba wadda ta buɗe baki. Kwanaki suka yi ta wucewa. Duk ranar da na ji kiran la'asar sai in zauna in rungume jaririya ina jin kamar ana zuba ƙasa. Kiran salla fa! Dubi abin da suka mai da ni.

Matar Kawu ce ta kawo ƙarshen abin. Tana takaba, ba ta fita, ba ta doguwar magana. Wata safiya Malam ya shigo gaishe ta kamar yadda ya saba, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ina ciki a zaune. Daga bayan labule ta ce, "Malam, ba a raba gado ba tukuna, ko?"

"Ba a raba ba."

"To ina da rabo a cikin abin da ya bari. Ɗakin nan ban damu da shi ba, gonar ma ku san yadda za ku yi. Akwatin nan ta zaure nake so a sa a nawa. Ni na sha ƙararta, ni na ba da farantaina."

Malam ya juya ya koma zaure. Kafin azahar taubashina ya shigo da ita a rungume, ya ajiye a tabarma ya fita da sauri.

A ɗakinta muka haɗa. Dattijon nan na intanet yana rubuto mini mataki-mataki, ina jona kebul ɗin da ya ce, ina danna abin da ya ce. Matar Kawu ta karɓi jaririya. Muka sami naɗin sunan, na danna a dawo da shi, allo ya yi baƙi, sannan ya kawo.

Tsakar gida ce ta ƙasa, da rana. Mata zaune da ƙore ana kiɗa. Sai ga wata ta shigo daga gefe, ta ba mu baya, tire a hannun hagu. Doguwa ce, ashe masu cewa doguwa ce sun yi gaskiya. Ɗankwalinta ya zame ya bar kitso a waje. Tana tafe tana ɗan karkata kafaɗa ɗaya.

"Ita ce," matar Kawu ta ce a hankali. "Wallahi ita ce."

Wata murya a cikin taron ta kira ta. Ta tsaya. Ta fara juyowa, har na ga kunnenta da ɗan kunne, na ga gefen kuncinta. Sai hoton ya farfashe ya tsaya cak. Da ya dawo, zauren gidanmu ne, Malam na zaune a buzu yana gyara tabarau, yana cewa a buɗe inda aka tsaya jiya.

Na mayar baya na sake kunnawa. Na sake. Dattijon ya sa na gwada duk dabarar da suka sani, daga baya ya rubuto cewa ya yi baƙin ciki, sauran ya tafi. Juyowar, da maganar, da dariyar, da rawar, duk karatu ya hau kansu.

Na fitar da ɗan abin da ya rage na adana a wurare da yawa, ba wanda zai ƙara sauke mini shi. Malam kuwa ina gaishe shi, ina durƙusawa kamar da. Ya aiko a tambaye ni ko na yafe, na ce a gaya masa ina kan hanya, ban iso ba.

Kawu, Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa waɗanda ka share wa hawaye su zame maka shaida ko da bakinsu ya ƙi. Idan akwai nauyi a kanka game da matan nan, ni ban gan shi ba, kuma Wanda ya san dalilin zamanka a bakin rijiya ya fi mu sani. Ita ma Allah ya jiƙanta. Ranar da za a tara mu gaba ɗaya, kowa zai shiga taro yana duba fuskoki yana neman nasa. Ni ta baya zan neme ta.